Hannun Daman Maijidda

Yau wata huɗu ke nan Yaya Maijidda ba ta iya ɗaga hannunta na dama ya kai kunne in za ta tayar da salla. Iya ƙirji yake tsayawa, sai ta ciji leɓe ta wuce. Shekararta talatin da bakwai. Ba ta yi hatsari ba, ba ta faɗo daga ko'ina ba. Tebur ya yi mata wannan aiki, ya kuma raba ta da wurin cin abincinta. Da na yi niyyar in yi shiru, amma jiya na ga wani abu a shafin kamfanin da ta yi wa aiki, tun jiyan raina bai kwanta ba. To ku zauna ku ji.

Yaya Maijidda ɗiyar gwaggona ce, a Furfuri aka haife ta, can ƙasar Bungudu. Boko dai firamare ta gama aka ce ya isa. Amma hannu! Tun tana yarinya in tocila ta mutu a unguwa ita ake aika wa. Risho ya toshe, ita. Akwai ranar da ta kwance rediyon kakanmu ta baza kayan cikinsa a faifai, tsoho ya shigo ya sa salati. Kafin la'asar ta mayar da komai, har da rarar sukuru biyu a hannunta, kuma rediyo ya ci gaba da magana. Har ya rasu bai daina tambayar inda sukurun nan biyu suka fito ba.

Da ta yi aure suka zauna Furfuri suna noma ita da mijinta Malam Muhammad. Da gonakin nesa suka gagara shiga saboda halin da kowa ya sani, sai suka tattaro suka dawo Gusau da 'ya'ya huɗu. Shi ya samu gadin wata makaranta. Ita kuma gwaggon mijin, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Uwani, ta kai ta inda take aiki. Aikin nan shi ya riƙe yaran a makaranta, shi ke sa tukunya ta hau wuta in wata ya yi nisa. Ku riƙe wannan.

Kamfanin ba wani babba ba ne, doguwar rumfar kwano ce a bayan gari. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Famfon feshi suke haɗawa, irin wanda manomi ke goyawa a baya ya yi feshin ciyawa da ƙwari. A kwali yake zuwa gunduwa-gunduwa: tanki daban, tiyo daban, hannun bugawa daban, maɗaurin goyo daban, noti da washa a ƙulle cikin leda. Mata takwas ke haɗawa.

Shekara biyun farko a tabarma suke aiki. Kowace da kwanon notinta, ta ɗauki famfo ɗaya ta haɗa shi tun daga farko har ƙarshe. In ta gaji ta miƙe ƙafa, ko ta jingina da bango, ko ta juya ta ɗaya gefen. Yaya Maijidda ba ta ma dubawa, da yatsa take jin ko washa ta zauna. In ta gama sai ta ɗiga jan farce a gindin tanki. Har ta kai wasu manoman ƙauyen Wanke in sun zo shago sai sun kifa tanki sun duba, su ce a ba su mai jan ɗigo, shi ba ya jiƙa wa mutum baya da magani.

Sai aka tura manaja kwas Kaduna na sati ɗaya. Abdulsamad sunansa, ɗan 'yar uwar mai kamfanin, dogo ne sosai, matan ma Dogo suke ce masa in ya ba da baya. Ya dawo da hotuna cike da waya, ya ce zaman tabarma ƙauyanci ne, yanzu layi za a yi: dogon tebur, kowace mace da aiki ɗaya, ta yi nata ta miƙa wa ta kusa.

Ni ban ce layin banza ba ne. Tun da abin nan ya faru babu bidiyon haɗa kaya da ban kalla ba, har data ta ƙare na sake saye. Layi yana da sauri, gaskiya ne. Amma duk inda na duba, mutum ake fara aunawa kafin a yanka ƙarfe. Shi Dogo me ya yi? Ya kira mai walda, ya tsaya a tsaye, ya dafa ƙugunsa ya ce, "Nan." A tsaye fa! Shi da ko minti ɗaya ba zai zauna a teburin ba. Matan kuwa aka jera masu benci. Yaya Maijidda gajera ce, tebur ya zo mata kusan ƙirji, sai ta ɗage kafaɗu kamar mai jin sanyi kafin ta juya sifana. Haka za ta wuni.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka raba teburin gida takwas da katangar ƙarfe mai tsawon taƙi guda, wai kada notin wannan ya gangara wurin waccan. Ke nan ba dama ki tura tanki a kan tebur, dole ki ɗaga shi ki tsallakar da katanga. Wurin kowa kuma ɗan tsut, tiren kaya ya cinye rabi, sai ta kusa ta karɓa hannu da hannu. Kayan daga ƙofar sito suke shigowa ta dama, su fita ta ƙofar lodi a hagu. Don haka kowa hagu take miƙawa.

Yaya Maijidda aka ba kujera ta bakwai, inda ake ɗaura famfon a cikin tanki, wato inda kaya ke yin nauyi, saboda ita ce gwana. Ta takwas, ta bakin ƙofa mai iska, aka ba Inna Uwani don ita ce babba, aikinta zura maɗauri kawai. Kun ga inda aka kwana? Surukarta ce a hagunta.

Ranar farko, ana ta sauri, Yaya Maijidda ta ɗauki tanki da hannun hagu, wanda ya fi kusa, ta miƙa. Hannunta ya tsaya a sama. Ba a karɓa ba. Ta juyo ta ga Inna Uwani ta naɗe hannu a ƙirji tana kallon tankin kamar an miƙo mata mushe.

"Mi kinka miƙo mani da shi?"

"Inna, yi haƙuri, sauri na."

"Sauri? Haka anka koya maki Furfuri? Ko ni ƙawarki ta?"

Lami, wadda ke zaune a damanta, bakinta ba ya shiru, ta ce, "Haba Inna, tanki na fa, ba tuwo ba!"

"Ke Lami rufe mani baki. Ke da ko gaisuwa sai an roƙe ki."

Aka kwashe da dariya, har Dogo da ke bakin ofis ya murmusa. Yaya Maijidda ba ta yi dariya ba. Ta mayar da tankin hannun dama, ta murɗa jikinta, ta sunkuyar da kai ta miƙa. Daga ranar ba ta sake ba. Sauran matan sa'o'in juna ne, da hagu suke cilla wa juna, a ce "gafara da hagu" a wuce. Ita kaɗai ce ba ta da wannan dama.

Yanzu inda kuke zaune, ku ɗauki galan ɗin ruwa da hannun dama, ku ɗaga shi sama da taƙi, ku miƙa shi can hagu ba tare da kun tashi ba. Sau goma kawai ku yi. To ita in damina ta gabato sau ɗari uku take yi a wuni, wani lokacin fiye.

Wata biyu kafaɗa ta fara magana. Ta shafa man zafi, ta gasa da tsumma, ta sayi ƙwaya a kemis. Wata uku ta fara kasa ɗaura ɗankwali sai babbar ɗiyarta ta taya ta. Matar da ta fi kowa sauri a tabarma, yanzu tankuna ke taruwa a gabanta, Lami na riƙe da wani tana jira.

Ana haka Dogo ya tara su wata safiya ya ce an samu babbar oda, kuma shi ba ya son jin labari. "Duk wadda kaya ya taru gabanta, ita ke tare layi. Wadda ke tare layi kuwa za ta ba wata wuri." Bai kalli kowa ba, amma kowa ya san kujerar da yake nufi.

Yaya Maijidda ba mai kuka ba ce. Ta samu kwalin banza ta yanka da reza, ta yi ɗan teburi da katangarsa, ta lanƙwasa wani guntun kwali ta ɗora a kai kamar gada, ta sa kwalin ashana a matsayin tanki. Da aka tashi cin abincin rana ta yi sallama a ofis.

"Yallaɓai, dubi nan. In anka sa wagga gada bisa katanga, turawa kawai za ni yi, shi gangara wurin Inna da kainai. Ba ɗagawa, ba miƙawa. In kuma anka ɗan ɗaga mani benci..."

Idonsa na kan waya, ya kira ta da sunan babban ɗanta. "Maman Sadiƙ, teburin nan zanen ƙasar waje ne. Masana suka zauna suka tsara shi."

"Yallaɓai, masanan sun san Inna?"

Ya ɗago ya yi dariya, ya ce wallahi tana da ban dariya. Ya ce in dai hannu ne matsala ta miƙa da hagu mana, wa zai kama ta? Ta ce ba ta iyawa. Ya ce to su yi musayar wuri. Ta ce shi ya faɗa wa Inna. Ya ce a'a, wannan maganar gida ce, ba ya shiga. Kun ji fa. Shi ya zaunar da su, amma maganar gida ce. Ita kuma ta buɗe baki ta ce wa gwaggon mijinta, wadda ta samo mata aikin, ta tashi daga bakin ƙofa mai iska ta koma ɗaukar nauyi? Ta kwashi kwalinta ta fito.

Ranar Lahadi ba aiki. Ta hau mota zuwa Tsafe, hanyar da kowa sai ya karanta abin da ya sawwaƙa kafin ya shiga. Ƙanenta Adamu yana walda a can. Ta ajiye masa kwalin a kan benci.

Ya juya shi ya sake juyawa. "Yaya, wanga mi na? Gidan 'yar tsana kika fara ginawa da girmanki?"

"Kai dai yi abin da na ce, kan in tuna maka wanda ya koya maka riƙon fulaya."

Ya zaunar da ita a benci, ya ɗauko igiya ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ya auna iya inda hannunta ke kaiwa ba tare da ta ji zafi ba. Ta gaya mini a duk rayuwarta ta aiki ranar ce aka fara auna ta. Ya yanko murfin wani tsohon firji, mai santsi, ya lanƙwasa shi: hawa a hankali ta gefenta, ɗan gangare ta gefen Inna, da ɗan baki a ƙarshe da zai tare tanki. Ya yanka mata kututturen katako na ɗorawa a benci da wani na taka ƙafa. Ta rungumo kayanta ta dawo Gusau kafin magariba.

Litinin ta riga kowa zuwa ta ɗora gadarta. Matan suka kewaye ta. Lami ta ga ta hau katako ta ce, "Iye! Hajiya an hau kujerar mulki, a ba mu kwangila." Aka fara aiki. Ta ɗaure famfo, ta tura tanki da tafin hannu, ya hau, ya gangara, ya tsaya cak gaban Inna Uwani. Kowa ya zuba wa Inna ido ana jiran hukunci. Inna ta kalli tanki, ta kalli gada, ta zura maɗauri.

"Abin da ya taho da ƙafarshi, ina ruwana da wanda ya turo shi? Allah shi yi maki albarka."

Kwana tara. Kwana tara tanki bai taru a kujera ta bakwai ba, sai ma ita ke jiran Lami. Kafaɗar ta fara sauka, har ta ɗaura ɗankwalinta da kanta ranar Juma'a. Dogo ya gani da idonsa, ya zo ya tsaya ya tura tanki ɗaya da kansa, ya ce "Hmm," ya koma ofis.

A kwana na goma aka ce manyan baƙi za su zo, masu odar nan, za a ɗauki hoto. Aka share rumfa, aka raba wa matan sabbin riguna iri ɗaya. Dogo ya bi layi yana dubawa, ya tsaya a kan gadar. Tebur shuɗi fes, ga murfin firji da tabon tsatsa a kai.

"A cire wannan tarkacen."

"Yallaɓai, in sun tafi in maido?"

"Eh, eh, daga baya."

Aka jefa gada da katakan bayan rumfa. Baƙi suka zo suka yi tafi suka tafi. Washegari ta je ɗaukowa ya ce ta dakata, ba tsari ba ne mutum ɗaya na da abu sauran babu, sai an yi wa kowa iri ɗaya. Ta jira sati ta sake tambaya, ya ce maganar tana gaban Alhaji mai kamfanin. Karo na uku ta zagaya bayan rumfa da kanta, ta tarar 'yan jari-bola sun riga ta. Ko katakon ba su bari ba.

A nan fa har ita ina jin haushinta, kuma na gaya mata. Na ce Yaya, ki koma Tsafe mana. Ta ce an ce ta dakata, in ta kawo wata ya zama ta raina manaja. Na ce to ki roƙi Inna ta yafe miki hagun. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Inna Uwani kuwa tana zaune kamu ɗaya da ita, tana ganin yadda take runtse ido duk miƙawa, kuma ita ma ta ga kwana taran nan. Kalma biyu kawai za ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Lami ce ma ta yi ƙoƙari, ta ce a gaban kowa, "Yallaɓai, gadar nan fa?" Ya ce in tana son bin gadar ga ƙofa nan.

Sati biyar ta ƙara a haka, oda na ta ƙaruwa. Wata Laraba da hantsi ta ɗaga tanki, ya kai saman katanga, hannun ya saki. Ta ce ji ta yi kamar an tsinka igiya a cikin kafaɗar. Tanki ya faɗi ya tsage a siminti. Layi ya tsaya.

Dogo ya fito, ya fara duba tankin tukuna. Sannan ya ce, "Maman Sadiƙ, ki je gida ki huta, lafiya ta fi komai."

A asibiti aka tura ta sashen gashin ƙashi. Likitan ya ce jijiyar kafaɗa ce ta ji rauni, irin wanda ke taruwa a hankali. Ya sa ta kwatanta masa aikin, ta kwatanta da hannun hagu. Ya ce me ya sa ta bari har ya kai haka? Ta ce Allah ya ƙaddara. Da ta ɗan samu sauƙi bayan sati uku ta koma kamfani, ta ce ko zura maɗauri a ba ta, ko shara. Ta tarar da wata yarinya Wasila a kujera ta bakwai. Dogo ya ce wuri ya cika, amma za a neme ta. Har yau ana nemanta.

Yanzu tana gida, a tabarma, inda ta fara. Manoman da suka san jan ɗigo sukan kawo mata famfon da ya lalace ta gyara, ta danne tanki da ƙafa ta juya sifana da hagu. Wata rana biyu, wata rana ko ɗaya babu. Sadiƙ, babban ɗanta, zangon nan bai koma makaranta ba.

To jiya ina duba waya sai ga shafin kamfanin. Hoto: teburin nan, a kan kowace katanga gada, shuɗiya, sabuwa, tana ƙyalli. An ɗaga benci, har da wurin taka ƙafa. Dogo a tsaye a tsakiya ya harɗe hannu. A ƙasa an rubuta wai sabon tsari ne da shugabannin kamfani suka ƙirƙiro don kula da lafiyar ma'aikatansu. Mutane na ta zuba masa addu'a, wani har da cewa irinsu Zamfara ke buƙata.

Ban san lokacin da na hau keke na isa gidanta ba. Na miƙa mata wayar, ina jira ta yi zagi ko sau ɗaya a rayuwarta. Ta buɗa hoton da yatsun hagu, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Gangaren ya yi tsayi. Tanki zai riƙa bugun yatsun mai karɓa. Ki rubuta masu su rage shi kamar yatsa biyu, su sa roba a bakin."

Na ce Yaya, abin da za ki ce ke nan?

Ta ce, "To yatsun Inna na wurin."

Muna cikin haka, bayan la'asar, sai ga sallamar Inna Uwani, ta biyo daga aiki da ledar lemu. Aka shimfiɗa mata tabarma. Yaya Maijidda ta tashi ta ɗebo ruwa a kofin silba, ta durƙusa, ta sa kofin a hannun dama ta fara ɗagawa. Ya kai rabi ya tsaya. Hannun na karkarwa, ruwa na zuba a zanenta, ita kuma ta dage sai ya kai.

Inna Uwani ta kalli hannun. Ta ce a hankali, "Miƙo da hagun, ɗiyata."

Yaya Maijidda ta mayar da kofin hagu, ta tallafa da 'yan yatsun dama iya inda suka kai, ta sunkuyar da kai ta miƙa. Inna ta karɓa ta sha, ta ajiye kofi, ta ce ai gadar nan an yi wa kowa, har fenti anka shafa mata.

Ni dai na ɗauki takalmina na fita, don abin da ya zo bakina ba na faɗa wa tsohuwa ba ne.